Gajeriyar bindiga mai baki biyu: Me Amurkawa ke dubawa kafin su saya?

Fiye da shekaru 150 bayan masu gadin kekunan doki sun yi ta ratsa yammacin Amurka da ita a kan cinya, har yanzu gajeriyar bindiga mai baki biyu tana da kasuwa a ƙasar.

To sai dai samun wadda ingancinta ya yi daidai da kuɗinta ba abu ne mai sauƙi ba, domin tana cikin bindigogin da ke da wuyar ƙerawa a kan farashi mai rahusa. Bugu da ƙari, kuskuren da bai kai inci ɗaya ba a tsawon bututunta zai iya jefa mai ita gidan yari.

Daga ina ta samo asali?

Sunan da Amurkawa ke kiranta da shi yana nufin bindigar keken doki. Bayan gano zinariya a Kalifoniya a shekarar 1848, kamfanoni irin su Wells Fargo, wanda aka kafa a 1852, sun riƙa jigilar zinariya da kuɗi da wasiƙu a kekunan da dawaki ke ja, ta hanyoyin da 'yan fashi suka yi wa katutu.

Kamfanonin kan ɗora ɗan rakiya a gefen direba, riƙe da bindiga mai bututu biyu a jere, wadda ke watsa ƙwayoyin dalma da yawa a harbi ɗaya. A kan keken da ke gudu yana tangaɗi, saita bindiga mai harsashi guda abu ne mai wuya, doguwar bindiga kuma takan sarƙe wa mai ita. Wannan ne ya sa aka fi son gajeriya, mai bututun inci 18 zuwa 24.

Su ma 'yan fashin ba a bar su a baya ba. Charles Boles, wanda aka fi sani da Black Bart, ya tare kekunan Wells Fargo har sau 28 tsakanin 1875 da 1883 da bindiga mai baki biyu a hannu. Haka kuma irinta ce Doc Holliday ya riƙe a musayar wutar da aka yi a garin Tombstone na Arizona ranar 26 ga watan Oktoban 1881.

Layin dogo ya kashe kasuwar kekunan doki sannu a hankali, amma finafinan kaboyi sun raya bindigar a zukatan jama'a. Har gobe Amurkawa kan laƙaba wa zama a kujerar gefen direban mota sunan wannan tsohon aiki na rakiya.

Su wa ke sayenta a yau?

Ɗaya daga cikin rukunan masu sayenta shi ne na masu gasar harbi irin ta kaboyi, wadda aka fara a kudancin Kalifoniya a farkon shekarun 1980. Ƙungiyar SASS da ke tsara gasar, wadda aka kafa a 1987, ta wajabta wa mahalarta sanya tufafi da amfani da makamai irin na ƙarni na 19. Buƙatar waɗannan 'yan gasa ce ta sa kamfanoni suka koma ƙera bindigar da yawa.

Sai manoma da makiyaya da ke ajiye ta saboda macizai da dabbobin da ke yi musu ɓarna, da maharban zomo da tsuntsaye a daji mai sarƙaƙiya, da kuma masu ajiye ta a gida domin kare kai.

A watan Fabrairun 2013, lokacin da ake tsaka da muhawara kan taƙaita mallakar makamai, Joe Biden, wanda a lokacin yake mataimakin shugaban ƙasa, ya shawarci masu neman kare gidajensu da su sayi bindiga mai baki biyu maimakon samfurin AR-15. Shawarar ta jawo ce-ce-ku-ce, musamman da ya ce ya gaya wa maiɗakinsa ta fita baranda ta harba sau biyu idan ta ji motsi. Masu suka sun nuna cewa harbi a iska laifi ne a wurare da dama, kuma wanda ya yi haka ya bar kansa da bindigar da babu komai a cikinta.

Iyakar inci 18

Abu na farko da mai saye ke dubawa shi ne tsawo, kuma doka ce ta tilasta hakan.

A shekarar 1934, bayan kashe-kashen gungun masu fasa-ƙwaurin barasa, Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar makamai ta ƙasa. A ƙarƙashin dokokin tarayya, irin wannan bindiga da bututunta ya gaza inci 18, wato kusan santimita 46, ko aka rage ta har tsawonta baki ɗaya ya gaza inci 26, ba a mallakarta sai an yi mata rajista ta musamman. Wanda ya saɓa zai iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekaru 10.

An kuma ɗora harajin dala 200, kuɗin da a wancan zamani ya ninka farashin bindigar kanta sau da yawa. A 2025 majalisar ta amince da soke harajin daga farkon 2026, amma ba ta cire sharaɗin rajistar ba, kuma wasu jihohi sun haramta irin waɗannan bindigogi ɗungurungum.

Wata shari'a da ta gwada dokar a Kotun Ƙoli a 1939 ta shafi bindiga mai baki biyu ce ƙirar Stevens, wadda Jack Miller da Frank Layton suka tsallaka da ita daga Oklahoma zuwa Arkansas. Kotun ba ta yarda cewa tsarin mulki ya ba ta kariya ba.

Haka nan zargin sayar da bindigogi biyu da aka yanke wa bututu ne ya zama silar ƙawanyar da jami'an tarayya suka yi wa gidan Randy Weaver a Ruby Ridge da ke jihar Idaho a 1992, inda matarsa da ɗansa mai shekaru 14 da wani jami'in gwamnati suka rasa rayukansu.

Saboda haka ne kamfanoni ke barin rata, suna ƙera bututun a kan inci 18 da rabi ko inci 20. Ana auna tsawon ne ta hanyar zura sanda daga baki har ƙarshe alhali bindigar na rufe kuma babu harsashi a ciki.

Mai saye daga dillali mai lasisi dole ne ya kai shekaru 18 a dokar tarayya ta 1968, kuma tun 1998 ake bincika sunansa a rumbun bayanan hukumar FBI kafin a miƙa masa. Wasu jihohi, kamar Florida a 2018, sun ɗaga shekarun zuwa 21.

Me ya sa mai arha kuma mai kyau ke da wuyar samu?

Duk da cewa a ido tana da sauƙin fasali, bindiga mai baki biyu tamkar bindigogi biyu ce a kan ƙota ɗaya.

Aiki mafi wahala shi ne haɗa bututun biyu. Ba a jera su ɗoɗar, ana ɗan karkata su ne zuwa ga juna yadda abin da ya fito daga na dama da na hagu zai faɗa wuri guda a wata tazara, galibi yadi 40. A manyan kamfanonin Ingila da Italiya, ƙwararru kan ɗauki lokaci suna gwadawa suna gyarawa kafin su liƙe su. A masana'antar da ke neman rage farashi kuwa, ana ɗora su ne a kan ma'auni guda a liƙe, a wuce zuwa na gaba.

Sakamakon haka, bindigogi biyu ƙirar kamfani ɗaya za su iya bambanta: wannan tana bugun inda aka saita, waccan kuma bututunta na hagu yana kaucewa gefe. Gyaran wannan matsala yakan fi kuɗin bindigar tsada.

Wannan ne dalilin da ya sa bindiga samfurin "pump action" mai bututu ɗaya, irin su Maverick 88, ta fi arha nesa ba kusa ba, alhali tana ɗaukar harsasai biyar ko fiye. Duk wanda ya zaɓi mai baki biyu, ya biya kuɗi mafi yawa ne a kan harbi biyu kacal.

Abin da yake samu a madadin haka shi ne gajarta da sauƙin sarrafawa. Da yake ba ta da akwatin da ke juya harsasai, takan gaza mai bututu ɗaya tsawo da 'yan inci ko da tsawon bututunsu ɗaya ne. Tana cin kowane irin harsashi da ya dace da mazauninsa, mai ƙarfi ko mai rauni, kuma da an karya ta kowa zai ga ko da wani abu a ciki.

Waɗanne ne ke kasuwa?

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce Stoeger Coach Gun, wadda kamfanin E.R. Amantino ke ƙerawa a garin Veranópolis na kudancin Brazil. Bututunta inci 20 ne, nauyinta kusan kilo uku. An san ta da juriya da kuma samuwar kayan gyara, amma sabuwarta takan yi tauri wajen buɗewa, har 'yan gasa da dama kan kai ta wurin maƙerin bindiga ya goge ta ya sassauta mata. Mai lissafi yakan haɗa kuɗin wannan aiki a cikin farashin tun farko.

Sama da ita akwai na kamfanin CZ, irin su Hammer Coach, waɗanda masana'antar Huglu ke ƙerawa a Turkiyya. Sun fi kyan ƙira da katako, amma farashinsu ya kai kusan ninki biyu.

Bindigogin Baikal na birnin Izhevsk a Rasha sun yi suna wajen ƙarfi duk da rashin kyan gani, har kamfanin Remington ya riƙa sayar da su da sunan Spartan daga 2004 na 'yan shekaru. An daina shigar da su Amurka a 2014, bayan takunkumin da aka ƙaƙaba wa rukunin kamfanonin Kalashnikov saboda rikicin Yukren. Yanzu sai na hannu, kuma kayan gyaransu sun yi ƙaranci.

A ƙasan jerin akwai na China, waɗanda suka fi kowanne arha amma ingancinsu ke hawa da sauka. A can sama kuma akwai na kamfanin Pedersoli na Italiya, waɗanda masu sha'awar tarihi suka fi saya.

Lamba 12 ko lamba 20?

Ana auna faɗin bututun irin wannan bindiga da wani tsohon lissafi. Idan aka ce lamba 12, ana nufin dunƙulen dalma 12 masu faɗin bututun ne za su yi nauyin laba ɗaya, wato kusan giram 454. Ke nan ƙanƙantar lamba na nufin girman bututu. Faɗin lamba 12 kusan milimita 18 da rabi ne, na lamba 20 kuma bai cika milimita 16 ba.

Harsashin lamba 12 ya fi samuwa, ya fi yawan nau'i, kuma sau da yawa ya fi arha. Illarsa ita ce dukan da bindigar ke yi wa kafaɗa, wanda ke tsananta idan ba ta da nauyi. Da yawa daga cikin masu arhar ba su da roba a gindin ƙota, abin da ke sa sabon shiga ya tsorata ya daina atisaye.

Lamba 20 ta fi sauƙi ga mai ƙaramin jiki, amma haɗa nau'in biyu a gida ɗaya na da haɗari. Harsashin lamba 20 zai iya zurmawa cikin bututun lamba 12 ya maƙale, idan aka ɗora wani a bayansa aka harba, bututun ya tarwatse. Wannan ne ya sa ake yi wa harsasan lamba 20 launin rawaya.

Kunama da guduma

A bindigogi masu rahusa, masana sun fi yarda da mai kunama biyu. Kowace kunama tana da nata bututun, ta gaba ta harba na dama, ta baya ta harba na hagu, kuma idan ɗaya ta lalace ɗayar na aiki. Kunama ɗaya mai harba bututu biyu bi da bi tana buƙatar ƙira mai zurfi, kuma idan ba a ƙera ta da kyau ba takan ƙi yin harbi na biyu, ko ta saki duka biyun a lokaci guda.

Sai batun 'yan gudumomin da ke dukan allurar harsashi. A wasu suna waje, a tsaye kamar kunnuwan zomo, sai an ja su baya da babban yatsa. Amfaninsu shi ne ana gani ƙarara ko bindigar a ɗane take. Amma suna jinkirta harbi, suna maƙale wa tufafi, kuma za su iya suɓuce wa yatsa. A wasu kuwa suna ɓoye a ciki, suna ɗana kansu a duk lokacin da aka karya bindigar.

Akwai kuma bambanci tsakanin mai ɗago kwanson harsashi kaɗan a zare da hannu, da mai tsartar da shi waje da kanta. Ta biyun ta fi tsada kuma ta fi yawan sassan da za su iya lalacewa, sannan ƙa'idojin SASS sun hana amfani da ita a gasa.

Shin gajarta na ƙara watsuwar ƙwayoyi?

Wannan fahimta ce da finafinai suka yaɗa, amma ba haka abin yake ba. Abin da ya fi tasiri shi ne matsin da aka yi wa bututun a daidai bakinsa.

Ma'aunin da aka saba da shi shi ne a harbi takarda daga nisan yadi 40, a ƙirga ƙwayoyin da suka faɗa cikin da'ira mai faɗin inci 30. Bututu mai cikakken matsi kan zuba kusan kashi 70 cikin 100 a ciki, mai matsakaici kusan kashi 60, marar matsi kuma kusan kashi 40. A tazarar da ba ta wuce faɗin ɗaki ba, ƙwayoyin ba su cika bazuwa fiye da tafin hannu ba, don haka dole ne a saita.

Wasu samfuran, kamar Supreme na Stoeger, suna zuwa da bakin da ake kwancewa a sauya, abin da ke ba bindiga ɗaya damar yin ayyuka daban-daban. Gwajin takarda ne kuma kaɗai ke nuna ko bututun biyu suna bugun wuri ɗaya.

Idan ta hannu ce fa?

Tsofaffin bindigogin Amurka irin su Stevens 311, wadda aka daina ƙerawa a ƙarshen shekarun 1980, suna cike da shagunan kayan hannu, kuma wasunsu sun fi sababbi masu arha inganci. Amma a nan ne aka fi yin asara.

Ƙwararru kan cire katakon riƙo na gaba su girgiza bindigar. Idan bututun na motsi a jikin ƙarfen da ya riƙe shi, ta saki. Sukan rataye bututun su ɗan ƙwanƙwasa, domin mai lafiya yana ƙara kamar ƙararrawa, wanda liƙinsa ya fara ɓallewa kuma sautinsa a dushe yake. Ana kuma neman lotsawa ko kumburi ko cin tsatsa a ciki, da tsagewar katako a inda ƙota ta haɗu da ƙarfe.

Da yawa daga cikin gajerun da ake gani dogaye ne aka yanke. Yankan yana tafiya da matsin baki, yana karya darajar bindigar, kuma idan ya wuce iyaka wanda aka same ta a hannunsa ne zai amsa a gaban shari'a.

Tsawon mazaunin harsashi ma abin lura ne. Na zamani milimita 70 ne ko 76, amma tsofaffi da dama 65 ne, kuma cusa musu dogon harsashi yana ƙara ƙarfin matsi a ciki. Mafi haɗari su ne masu bututun da aka murɗa da zaren ƙarfe, waɗanda ake kira Damascus, domin an yi su ne saboda baƙin albarushi na dā.

A Birtaniya da Italiya da Rasha da sauran ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CIP, tilas ne a gwada kowace bindiga da harsashi mai ƙarfi a buga mata hatimi. A Amurka babu wannan tilas, kamfanoni na bin ƙa'idojin da masana'antar ta tsara wa kanta ne, don haka nauyin bincike na kan mai saye.

Kuɗin da ba a rubuta a jikin bindiga

Bayan farashi akwai kuɗin harsasan atisaye, da abin toshe kunne, domin ƙarar harbin ta zarce ma'aunin da ke lalata ji nan take, da kuma akwatin ƙarfe mai makulli.

Alƙaluman hukumar CDC sun nuna cewa mutane 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka a 2021, kuma fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu. Wannan ne ya sa likitocin ƙasar ke nanata cewa a ajiye bindiga a kulle, babu harsashi a ciki, harsasan kuma a wani wuri dabam. Mai baki biyu ta sauƙaƙa hakan, tun da ana raba ta gida uku cikin 'yan daƙiƙoƙi ba tare da kayan aiki ba.

Yaya dokar take a wasu ƙasashe?

A Birtaniya, dokar 1968 ta tanadi cewa takardar izinin bindigar farauta ta yau da kullum ba ta shafi wadda bututunta ya gaza inci 24 ba. Ke nan mai inci 20 da ake saya a Amurka tana buƙatar lasisi mafi tsauri a can.

A Najeriya, inda maharba da 'yan sintiri suka daɗe da sanin bindiga mai baki biyu, dokar makamai ta 1959 ta sanya ta a rukunin da ba a mallaka sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Ba a ba wanda bai kai shekaru 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai matsalar gani, ko wanda aka samu da laifin tayar da hankali a shekaru biyar da suka gabata. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sandan ta sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisin ƙananan makamai saboda yaɗuwarsu a hannun jama'a.

Dokar ta kuma haramta rage bututun irin wannan bindiga zuwa ƙasa da inci 20, ko mallakar wadda aka rage, ko ƙera mai irin wannan gajarta. Ma'aunin Najeriya ke nan ya ɗara na Amurka da inci biyu, ya kuma gaza na Birtaniya da inci huɗu.